Zoɓon Sauka Lafiya

Tun da aka haifi Sahabi babu wanda ya taɓa ganin ya saurari magana har ƙarshenta. Kana cikin yi masa kwatancen gida, ka ce, "In ka kai wajen masallaci sai ka..." zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya buga babur ya tafi. Bayan awa biyu ka ji shi a waya daga wata unguwa yana faɗa, wai ba ka iya kwatance ba. Matarsa Wasila ta ce ko ranar ɗaurin aurensu bai tsaya ya ji ƙarshen sunanta ba, Allah ne kawai ya sa ita aka kai masa.

Sana'arsa zoɓo. Wato Wasila ke dafawa, ta tace, ta ɗura a robobi, shi kuma ya zauna a rumfarsu cikin wata ƙaramar tasha a Gusau, inda motocin Tsafe da na Bungudu ke lodi, ya karɓi yabo. Rumfar nan ita ce tuwon gidan, ita ce miyarsa. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai zoɓo. Dokta Sahabi ne, saboda ya taɓa yin sati uku yana gadin ƙofar wani asibiti, kafin a sallame shi bisa laifin rubuta wa mutane magani tun daga bakin ƙofa.

Wata Talata ya ɗauki Innarsa a babur ya kai ta awon jini wani ƙaramin asibiti a Bungudu. Ya zaunar da ita a benci, shi kuma ya jingina da wata taga yana sakace. A cikin ɗakin wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Husna, ta tara masu ƙiba maza da mata tana yi musu bayani.

"Suga ba iri ɗaya ba ne," in ji ta. "Akwai gulukos. Shi da kun sha, jini yake shiga kai tsaye, awo ya hau nan take. Akwai kuma furuktos, wanda ake samu da yawa a zuma da ruwan 'ya'yan itace. Shi wannan ba ya sa awo ya hau da sauri kamar ɗan'uwansa. Shi sauka yake yi..."

"Na gane," in ji Sahabi, shi da taga.

Kafin Malama Husna ta ja numfashi ya riga ya hau titi. Ya shigo gida yana haki.

"Wasila, aje muciyag ga ki ji ilimi. Suga biyu ne duniya, mai hawa da mai sauka. Mai saukan anka ɓoye muna, don a dinga saida muna mai hawa."

"Ina Inna?"

"Sunanshi Furotus. Cikin zuma yake."

"Na ce ina Inna?"

Ya dubi babur, ya dubi Wasila. Inna ta dawo da kanta a motar haya bayan la'asar, kuma abin da ta faɗa masa ba ilimi ba ne, amma shi ma bai tsaya ya ji ƙarshensa ba.

To a tashar nan akwai Alhaji Ashiru, Sarkin Tasha, mutumin da in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya yi sama. Shi ke raba rumfuna, shi ke korar wanda ya ga dama. Kuma shi kawun Malama Husna ne. Ta auna shi ta ce yana bakin ƙofar ciwon suga, ta raba shi da lemon kwalba shida da yake sha kullum. Sati biyu ke nan yana shan ruwa zalla, yana kallon firjin mai shago kamar wanda aka raba da masoyi, yana fitar da motoci daga layi ba gaira ba dalili.

Washegari Sahabi ya sayo zuma jarka guda daga Nahuce. Wasila ta zuba ludayi biyu a tukunya, ya karɓe jarkar ya tuntsura rabinta.

"Wanga ba zoɓo ba ne," in ji Wasila, "alewa ce ruwa ya taɓa."

"Ke dai tace. In suga mai sauka ne, to yawan shi yawan sauka. Lissafi ne, ba a koya muku shi garinku 'Yandoto ba."

Ya sa wa abin suna Zoɓon Sauka Lafiya, ya ɗauki roba mai sanyi ya nufi rumfar Sarkin Tasha. Can ya tarar da shi tare da Yusha'u, direban Tsafe, wanda sitiyari ya riga ya yi wa zane a tumbi.

"Ranka shi daɗe, wahalarka ta ƙare."

"Wa ya mutu?" in ji Sarkin Tasha.

"Ƙishirwa. Sha ka ji."

Sarkin Tasha ya kurɓa. Ya rufe ido. Mutumin da ya yi sati biyu bai ɗanɗani zaƙi ba, har wani ɗan hawaye ya taru masa.

"Husna ta hana ni suga."

"Ta hana ka mai hawa. Wanga mai sauka ne, kuma daga bakinta na ji, Bungudu, jiya. Ita karatun ta iya, ni aikin na iya. Lita ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da marece. Kwana arba'in, in ka ga kanka madubi sai ka yi sallama."

"In na ragu mi kake so?"

"Babban shagon bakin ƙofa."

"An ba ka. In kuma ban ragu ba, sai in..."

"Na gane, na gane. Sai ka karɓe rumfata. Na yarda. Jama'a ku shaida."

Sarkin Tasha ya tsaya da baki buɗe, ya dubi Yusha'u, ya ɗaga kafaɗa. Jama'a kuwa suka shaida, don 'yan tasha ba su da aikin da suka fi so kamar shaida.

Sahabi ya ce sikelin asibiti bai yarda da shi ba, bakinsu ɗaya da masu lemon kwalba. Sai suka ɗunguma Tsafe ranar kasuwa, wurin Shu'aibu mai sikelin hatsi, mutumin da ba ya dariya ko a ranar salla. Sarkin Tasha ya hau: kilo ɗari da sha takwas. Yusha'u ya ce shi ma a sa shi a magani, ya hau: ɗari da uku. Sahabi ya yi tsalle ya hau don a ga yadda jikin likita yake: casa'in da ɗaya. Shu'aibu ya rubuta duka uku da gawayi a bango.

Da Wasila ta ji an jingina rumfa, ta ajiye rariya ta zauna.

"Ka sa abincin 'ya'yana caca kan rabin magana."

"Wa ya ce miki rabi ce?"

"Daga bakinka ta fito."

Sati na farko duniya ta yi wa Sahabi daɗi. Duk mai tumbi a tashar ya shiga layi, kowa da kofinsa. Sarkin Tasha ya daina korar motoci, har yana tambayar mutane lafiyar iyali. Sahabi ya samo farar riga mai aljihu, ya soka biro uku, babu wanda ke rubutu a cikinsu.

Ranar kwana shida ƙudan zuma suka samu labari. Da azahar suka iso, da alama sun zo bin sawun kayansu. Masu talla suka watsar da faranti, fasinjoji suka ɗaga gilasai, Sarkin Tasha ya yi gudun da rabonsa da irinsa tun yana karen mota, da kofinsa a hannu, ko ɗigo bai zubar ba. Sahabi kaɗai ya tsaya tsakiyar rumfa ya ɗaga hannu.

"Kada kowa shi gudu. Sun san ni."

Sun san shi ɗin kuwa, don sun gaishe shi a leɓe, a fatar ido, da bayan kunne. Kwana uku yana magana kamar mai ɗauke da dankali a baki. Ya ce wannan shaida ce, ko masu zumar da kansu sun zo sun tabbatar ta asali ce. Wasila ta dube shi ta ce, "Ai ga alama maganin ya fara aiki. Leɓenka ya sauka har haɓa."

Daga ranar ya rage zuma ya koma mazarƙwaila, yana farfasa ta da taɓarya, yana ƙarawa da dabino. Yusha'u ya ga ana sauke kwandon ya ɗan yi jim.

"Dokta, mazarƙwaila ba da rake aka yin ta ba? Na ga shi ma sukari..."

"Na gane. Yusha'u, tun da kake, ka taɓa jin an ce wane ya kwanta da ciwon mazarƙwaila?"

Yusha'u ya yi tunani. "A'a."

"Ciwon zuma hwa?"

"A'a."

"Ciwon dabino?"

"Subhanallahi, dabino kuma?"

"To ciwon mi kake ji?"

"Ciwon suga."

"Shi ke nan. Cuta ta faɗi sunan ubanta da kanta, kai kana neman ka laƙa wa bayin Allah. Miƙo kofi."

Yusha'u ya miƙa, har ya ba da haƙuri.

Sati na uku Sahabi ya ce lokaci ya yi da za a buɗe reshe a Tsafe. Ya cika jarka mai lita ashirin da biyar. Wuta kuwa kwana biyu ba a kawo ba, ƙanƙara ta yi wuya.

"Jarkag ga ta kwana biyu cikin zafi," in ji Wasila. "Ka ji yadda take tsaki? In ka ɗaure mata baki za ta..."

"Na gane."

Ya ɗaure bakin da leda ninki uku, ya murɗa marfi har sai da ya yi nishi, ya tura ta ƙarƙashin kujerar tsakiya a motar Yusha'u, ya zauna a kanta kamar mai gadin taska. Rana ta take. Sun kusa Tsafe, sai wata ƙara ta tashi a cikin motar.

A wannan hanya in aka ji irin wannan ƙara ba a tambayar mene ne. Kowa ya kife, salati ya kaure, Yusha'u ya kwantar da kai a sitiyari ya take mota iyakar ƙarfinta. Dokta Sahabi ya riga kowa shigewa ƙarƙashin kujera, yana jin wani abu mai ɗumi na bin bayansa, yana kiran sunan Inna yana neman gafarar ranar Bungudu.

Sai cikin garin Tsafe motar ta tsaya. Aka buɗe ƙofa, mutum goma sha takwas suka fito jajawur tun daga hula har takalmi, kowa na lalube jikinsa yana neman inda aka same shi. Mutanen gari suka taru ana ta innalillahi. Wata tsohuwa ta dubi hannunta, ta ɗan lasa, ta sake lasa.

"Jinin wa ad da citta?" in ji ta. "Har da kanumfari."

Ido talatin da huɗu suka juyo kan farar rigar da ta koma ja. Sahabi ya miƙe ya gyara biro.

"Kun dai gani da idonku. Abin da ya yi wa jarka haka, ina ga kitse?"

Wani mai babbar riga sabuwa, wanda ɗaurin aure za shi, ya cire takalmi. Sahabi bai tsaya ya ji abin da zai ce ba, kuma wannan karon ya yi daidai.

Ranar kwana talatin Sarkin Tasha ya aika a kira shi. Ya same shi a kishingiɗe, zariyar wando a kwance.

"Dokta, tela ya ƙara ma wandona ƙyalle sau biyu. Da in na duƙa ina hangen yatsun ƙafata, yanzu sai dai a ba ni labarinsu. Kuma da na sha kofi sai barci shi kwashe ni, mota ta cika ta tashi ban sani ba."

"Ni ma kujerar direba na ja baya har ta ƙare," in ji Yusha'u.

Sahabi ya yi murmushin da likitoci ke yi wa jahilai.

"Ranka shi daɗe, kai da tasha ke hannunka ni zan koya ma aiki? Ka taɓa sallamar mota ba ta cika ba? Lodi ne ake yi. Kitsen wuya, na hannu, na cinya, duk an kira su sun taru tumbi, kowa ya kama kujera. Ranar arba'in mota ta cika, ta tashi gaba ɗaya."

Sarkin Tasha ya shafa tumbinsa da wata sabuwar girmamawa.

"To ta wace ƙofa za ta fita?" in ji Yusha'u.

"Wanga sirrin aiki ne."

Da ya ga saura kwana uku, sai ya ga bai kamata a yi wannan biki babu malamar da ta fara karatun ba, ta zo ta ga inda ɗalibi ya wuce ta. Ya buga babur har Bungudu.

"Malama, ranar kasuwar Tsafe ki zo da tef ɗinki na awo. Kawunki za a buɗe."

"Buɗe shi kamar yaya? Ya daina zuwa awo, in na kira shi ya ce yana hannun babban likita. Malam, me kake ba shi?"

"Abin da kinka koyar. Na dai kai shi inda ba ki kai ba."

"Tsaya, wane abu na..."

"Na gane, mamaki kike. Kowa ma haka."

Ya sa aka rubuta allon babban shago tun kafin a ba shi. Ya ɗauko mai lasifika. Ya karɓo sabon kaftani da aka ɗinka da tsohon awonsa, maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa, tsakiya kuma ta ɗame kamar ganga. Ya ce telolin yanzu ba su da tsoron Allah. Wasila ta ce za ta je gaida iyayenta 'Yandoto, daga nan ta leƙo kasuwa ta ga tashin mota.

Ranar arba'in rabin tashar Gusau ta zo Tsafe. Mutanen gari ma sun zo, har da mai babbar rigar nan, wadda yanzu ta zama ruwan hoda. Sahabi ya jera kwandon mazarƙwaila da robobin zoɓo a tebur kusa da sikeli, domin masu saye bayan an ga abin al'ajabi. Mai lasifika ya yi ta kirari: Dokta maganin tumbi, Dokta mai sauke lodi.

Yusha'u ya fara hawa. Shu'aibu ya matsa ƙarfen awo, ya dubi bango, ya dubi sikeli.

"Ɗari da takwas."

"Takalmi," in ji Sahabi. "Cire takalmi."

Ya cire. Ya cire hula, ya ajiye waya, ya ajiye makullin mota, ya tofar da goron bakinsa.

"Ɗari da takwas."

"Sikelin ga an taɓa shi."

Shu'aibu ya sauke Yusha'u, ya jawo buhun taki mai kilo hamsin wanda ba a farke ba, ya ɗora. Hamsin cif. Ya sauke buhun, ya dubi Sahabi irin kallon da ake yi wa tsakuwa a cikin gero.

Mutum biyu suka taimaka wa Sarkin Tasha ya hau. Sikeli ya yi wani kuka. Mai lasifika ya ja numfashi zai yi shela.

"Ɗari da ashirin da biyar."

Mai lasifika ya kashe lasifika.

"Lodi ne, ranka shi daɗe," in ji Sahabi. "Wata motar sai an yi jiran fasinja ɗaya..."

"Yau arba'in," in ji Sarkin Tasha. "Hau."

"Ni ai ba majinyaci ba ne, ɗanɗanawa kawai nake..."

'Yan kamasho biyu suka ɗaga shi suka ɗora kamar buhun da ya yi gardama. Maɓalli ɗaya ya fice ya bugi tiren mai gyaɗa.

"Casa'in da tara," in ji Shu'aibu. "Saura kilo ɗaya in ɗinke bakinshi in sa mota."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga Shu'aibu, kuma kasuwa ta karɓe ta da hannu biyu.

Malama Husna ta ratso jama'a, ta zagaya tef a cikin kawunta, ta dubi katinsa na asibiti, ta sake duba tef ɗin. Ta ɗauki roba ɗaya a tebur ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Kawu, nawa kake sha?"

"Lita uku. Ranar da nake gaggawa, huɗu."

"Gobe da sassafe, kafin ka ci komai, ina jiranka asibiti. Kai ma Malam Yusha'u." Ta juyo. "Malam, wa ya ce maka wannan magani ne?"

Sahabi ya sauko daga sikeli ya buɗe hannuwa ga jama'a. Nan ne wurin da ya san yana da gaskiya.

"Ke. Ranar Talata, Bungudu, da kunnena. Ba ke kinka ce akwai suga mai hawa ba, shi kuma na zuma sauka yake yi? Ki rantse ba ki ce ba."

"Na ce."

"Kun ji ko."

"Ka ji a ina?"

"Bakin taga."

"A'a. Ka ji a ina yake sauka?"

Direbobin da ke wurin suka fara duban juna, don wannan tambaya ce da suke yi sau ɗari kullum.

"Cewa na yi sauka yake yi a hanta," in ji Malama Husna. "Irin saukar baƙo. Hanta ce mai masaukinsa. In ya zo kaɗan, cikin mangwaro ko lemon da ka ci da tsokarsa, ta san yadda za ta yi da shi. In kuwa ya zo a narke cikin abin sha, lita-lita kullum, ɗaki ya cika, sai ta mai da shi kitse. Wani ya zauna a jikinta, wani ya bi jini, wani ya kewaye hanji." Ta nuna cikin kawunta da tef. "Ga masaukin nan. Shi kuma gulukos ba waliyyi ba ne, in ya yi yawa shi ma ƙiba yake kawowa. Zuma tana da duka biyun. Dabino ma haka. Sukarin shayi rabi wannan ne rabi wancan. Ga mai ƙiba, babu na kirki a cikin kofi."

"Mazarƙwaila hwa?" in ji Yusha'u, da 'yar muryar mai sauran fata.

"Sukari ce da ba ta yi wanka ba."

Tsohuwar nan mai lasar jini ta yi dariya har sai da aka riƙe ta.

Sarkin Tasha ya zauna a kan buhun taki ya share gumi.

"Shekara talatin da ɗaya ina tasha," in ji shi. "Ban taɓa jin fasinja ya ce sauka zai yi ban tambaye shi ina ba. Sai ga ni an ce mani suga na sauka, na buɗe baki na ba shi kujerar gaba. To, maganar rumfa."

Wasila ta matso daga cikin mata ta tsaya kusa da tebur, hannunta cikin hijabi.

"Ranar da munka yi magana, ni cewa zan yi, in ban ragu ba sai in koma ma ruwana. Kai ka tari numfashina ka jingina rumfarka, gaban shaidu. Abin da anka shaida kuwa ba ni tashe shi. Don haka, Sahabi, rumfa ka sauka daga kanta..."

Nan ya tsaya, domin tun da ya ƙara kilo bakwai maganarsa sai da zango.

Sahabi kuwa ya riga ya gama shirya jawabi. Zai ce ya gane. Zai ce su riƙe tsiyarsu, shi da tashar har abada, shi da iyalinsa, yau ɗin nan zai je ya kwance kwanon rumfar da hannunsa, ya koma garin da aka san darajar ilimi. Ya turo ƙirji, ya ɗaga hannu, ya wage baki.

"Na ga..."

Wasila ta zaro curin mazarƙwaila kamar dunƙulen hannu daga kwandon, ta cusa masa har ƙuryar baki.

"Ci, Dokta. Mai sauka ce."

Ya cije don ya yi magana, haƙora suka nutse suka kafe. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Babu abin da ya fito sai wani gurnani da jan yawu.

"...amma," in ji Sarkin Tasha, da numfashi ya dawo, "ba ta bar gidanku ba. Ban da faɗa da mai dafawa. Shekara shida ina shan zoɓon yarinyag ga bai taɓa fashewa cikin mota ba. Rumfa ta Wasila ce daga yau. Ita ka awo, ita ka cewa a zuba ko a bari. Kai ɗauko jarka, wanke jarka, miƙa ma mutane. In na sake jin an ce Dokta cikin tashata, da mai faɗi da mai amsawa duk sun bar layi. Ni kuma a dinga dafa mani nawa ba zaƙi, citta kawai."

"Uku za a dafa," in ji Malama Husna. "Da na Malam Yusha'u, da na mai kilo casa'in da tara. Kuma kullum da safe ku zagaya tashar da ƙafa sau biyar, ku uku."

"Lodi zai tashi ke nan," in ji wani daga baya, aka sake kwashewa.

Wasila ta durƙusa ta yi godiya. Malama Husna tana naɗe tef tana kallon Sahabi, wanda ya sa yatsa biyu yana haƙar dasashi, idanu sun firfito.

"Shekarata tara ina gaya wa mutane mazarƙwaila ba magani ba ce," in ji ta. "Yau na ga ciwon da take wa magani."

"Sau nawa a rana zan dinga ba shi, Malama?" in ji Wasila.

"Sai in ya ce ya gane. Shi ma ɗan kaɗan. Kin dai ji inda take sauka."

Sahabi ya dubi matarsa, ya dubi allon babban shagon da ke jingine da babur, ya gyaɗa kai a hankali. Ya ji maganar tun daga farkonta har ƙarshenta, don ba shi da bakin da zai yi wani abu daban.